Ina son yin gudun fanfalaki amma 'yan majalisa sun sa ni a gaba

Saƙon da ya shigo:

"Assalamu alaikum, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 38, ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, mata ɗaya yara huɗu, Alhamdulillah akwai rufin asiri daidai gwargwado. Amma wallahi rayuwata ta zama iri ɗaya, gida, masallaci, shago, majalisa, gida. Na ajiye tumbi, in na hau bene sai na tsaya nayi haki, kwanaki aka auna ni a kemis akace jinina ya ɗan hau. Ba ma wannan ne yafi damuna ba, ji nake kamar na tsaya cak, ba abin da nake tsoro kuma ba abin da nake ɗoki. Naga bidiyon gudun fanfalaki na Legas a waya, naga dattawan da suka girme ni suna ƙarasawa suna hawaye, sai naji nima ina son inyi wani abu mai wuya ko sau ɗaya ne a rayuwata. Na fara fita bayan asuba, wani abokina ya hango ni ya kai labari majalisa, yanzu da na iso sai ace ga ɗan Kenya nan. Maiɗakina tace kashe kaina zanyi, yayana yace ba girmana bane. Saura wata uku ayi na Legas ɗin. In rufe ido inyi rajista in tafi, ko in haƙura?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ƙara rufa asiri ya sa albarka a kasuwa.

Kar kayi rajistar dogon gudun a wannan karon, kuma kar ka haƙura. Duka biyun nake nufi.

Bari in fara da na farkon saboda shi ne zai iya kai ka gadon asibiti. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kusan ace ka tashi daga cikin gari da ƙafa sai Wudil. Na Legas da ka gani an fara shi ne a 2016, a watan Fabrairu ake yinsa, a shekarun baya ana tasowa ne daga filin wasa na ƙasa dake Surulere a hau gadar Third Mainland wadda ita kaɗai ta haura kilomita 11, kuma iskar Legas ba irin tamu bace, akwai laima, zufa bata bushewa a jiki ballantana ta sanyaya ka, mutumin Kano da ya saba da busasshiyar iska yana shan wuya a can tun kafin rana ta ɗaga. Sannan jikin ɗan Adam yana da wani ma'aji na sukari a cikin tsoka da hanta wanda da shi ake gudu, kuma ga yawancin mutane yana ƙarewa ne wajen kilomita 30, daga nan ƙafa sai tayi nauyi kai ya fara juyawa, mutum ya rasa me yake damunsa. Wanda yayi wata da watanni yana atisaye jikinsa ya koyi tattalin wannan ma'ajin, wanda kuwa ya taso daga kan benci a shago zai gamu da abin tun kafin rabin hanya. Ga kuma wani abu da mutane basu cika sani ba, zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin sati shida zaka ji hakin ya ragu har ka ɗauka ka zama gwani, amma ƙashi da jijiyoyin gwiwa da agara basa sauri haka, su watanni suke buƙata, shi yasa zaka ga mutum ya fara da zafinsa sati uku huɗu sai ƙwauri ya ɗau ciwo ko dunduniya ta hana shi taka ƙasa da safe, shikenan an rataye kambas. Wata uku bazai ishe ka ba, ba don kai rago bane, haka Allah ya halicci jikin.

Amma ni abin da na fi tsayawa a kai cikin saƙonka ba kilomita bane. Kace ba abin da kake tsoro, sai kuma a layi na gaba ka gaya min dariyar 'yan majalisa ta sa har kana tunanin haƙura. Toh kaga ashe akwai abin da kake tsoro, kuma shi ne abu mai wuyan da kace kana nema, yana nan bakin layinku ba sai ka hau mota ka je Legas ba. Kai yanzu mutum ne da aka sani, a Kwari in ka taɓa shadda ka san ta, yara suna gaishe ka suna karɓar maka kaya, a majalisa in kayi magana ana saurara, kuma shekara da shekaru rabonka da kayi wani abu da baka iya ba a gaban mutane. Gudu zai tilasta maka ka koma wanda bai iya ba, mai tumbi yana haki a gefen titi, yaro ɗan sakandare ya wuce ka fuu ko kallonka bai yi ba. Wannan ne yake maka nauyi. Kuma ina ganin shi yasa zuciyarka ta tafi can Legas inda ba wanda ya san ka, kayi abin bajinta rana ɗaya ka dawo da lambar yabo ka ajiye musu a majalisa bakin kowa ya mutu. Na fahimce ka sarai, amma in ka bi ta wannan hanyar ka tsallake ainihin abin da zai gyara ka.

Ka tuna lokacin da kake yaron shago. Ba rana ɗaya ka koyi ninke atamfa ba, ba rana ɗaya ka iya gane kwastoman da zai saya da wanda yazo taya kawai ba, an maka tsawa a gaban mutane, ka yi kuskuren lissafi, ka ɗauki dila a ka, kuma a lokacin ne kake jin kana raye saboda kullum akwai abin da ka ƙaru da shi. Abin da ka rasa kenan yanzu, kuma gudu zai iya dawo maka da shi in ka yarda ka sake zama ɗan koyo.

Su 'yan majalisa kar ka ɗauke su da zafi. Tsokana ce irin tamu ta Kanawa, in ka nuna ta dame ka sai ta daɗe, in suka ce ga ɗan Kenya kace musu na'am ku matsa min in zauna ƙafata ciwo take. Zasu gaji. Kuma ka lura da kyau, cikinsu akwai masu shan maganin hawan jini a ɓoye, akwai wanda likita ya riga ya ce masa ya rage shinkafa da lemon kwalba, irinsu ne zasu same ka a gefe bayan wata biyu su tambaye ka ƙarfe nawa kake fita.

Yayanka kuwa kar kayi jayayya da shi, girmansa ne yasa yake kishin naka girman. Ka same shi a gida ba a cikin mutane ba, kace Yaya an auna ni jinina ya hau kuma ina tsoron in bar yaran nan ƙanana, motsa jiki nake son in riƙe, ka sa min albarka. Babu yayan da zai ce a'a ga wannan. In kuma maganar ta koma ta addini ko kamala, ai Manzon Allah (SAW) yayi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, bayan shekaru ya tsere mata, kuma cikin sahabbai akwai Salamatu bin Akwa'u da aka sani da tsananin gudu da ƙafa. Duk wanda yaje Umara ya ga alhazai masu furfura suna sassarfa tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa ba wanda yace girmansu ya zube. Abin da kawai zaka kiyaye shi ne sutura, ka sa dogon wando mara nauyi ko wanda ya rufe gwiwa da riga mai yalwa, ba sai ka kwaikwayi shigar da ka gani a bidiyo ba.

Maiɗakinka ita ce tafi kowa gaskiya a cikinsu, kuma ina so ka saurare ta. Awon kemis sau ɗaya baya isa ace kana da hawan jini, kuma baya isa ace baka da shi. Kafin ka sake ɗaura igiyar takalmi kaje asibiti, ko na Malam Aminu Kano ko Murtala ko duk wanda ka saba zuwa, ka gaya wa likita ƙarara cewa gudu kake son farawa. A auna jininka fiye da sau ɗaya, in yana kaiwa 140 bisa 90 ko sama ana maimaitawa to sai an ɗora ka a kan tsari, a duba suga, in likita yaga dama ya sa ayi maka gwajin bugun zuciya. Sannan ka san rukunin jininka na sikila, wannan ina jaddada shi saboda a ƙasarmu masu AS suna da yawa kuma mafi yawansu lafiyarsu lau, suna ma wasanni, amma in aka haɗa gudu mai tsanani da zafin rana da ƙishirwa to haɗarinsu ya ɗara na sauran mutane, gara ka sani tun yanzu ka san yadda zaka bi da kanka. Kuma ko bayan likita ya baka izini, duk ranar da kana gudu kaji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zafi yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ka tsaya nan take ka nemi asibiti, ba wani jarumta a nan. In ka dawo da takardar likita ka miƙa mata ta gani da idonta, hankalinta zai kwanta, kuma zaka ga ita ce zata riƙa tashinka.

Yadda zaka fara ba wani abin burgewa a ciki. Sati biyu na farko tafiya ce kawai, amma tafiya mai sauri ta minti 30, irin wadda zaka ɗan yi gumi. Daga nan ka fara sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka maimaita har rabin awa ta cika, kwana uku a sati da hutun kwana ɗaya a tsakani. Kowane sati ka ɗan ƙara wa sassarfar ka rage tafiyar, kaɗan kaɗan, in sati ya maka nauyi ka maimaita shi ba laifi bane. Ma'aunin saurinka shi ne bakinka, in bazaka iya yiwa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba to kayi sauri da yawa, rage. Zaka ji kamar wasa kake, zaka ji kunyar yadda kake tafiya a hankali, ka daure, manyan 'yan gudun duniya ma yawancin atisayensu a hankali suke yinsa. Cikin wata biyu zuwa uku insha Allah zaka iya minti 30 ba tsayawa, wajen kilomita 4 zuwa 5 kenan, kuma in ka haɗa da 'yar tafiya a sauran ranakun ka cika minti 150 a sati da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kowane baligi ya samu. Daga nan sai ka sa kilomita 10 a gaba, bayanta 21, sannan ka fara maganar 42. In ka bi haka, ba wannan Fabrairun mai zuwa ba, na bayansa, zaka je Legas da ƙafar da ta shirya. In kuma zuciyarka ta matsa sai ka ga taron da idonka kafin nan, ana yin na kilomita 10 a ranar, akwai kuma na Okpekpe a jihar Edo shi ma kilomita 10 ne sai dai akwai hawa da gangara sosai.

Shekarunka kuwa ko kaɗan kar su dame ka. Fauja Singh, wani Ba'indiye da ya zauna a Ingila, yana da shekara 89 yayi gudun fanfalakinsa na farko a Landan a 2000.

Sai kuma abubuwan da suka shafi garinmu, wanda bidiyon Turawa bazai gaya maka ba. Lokacin da yafi shi ne bayan sallar asuba in gari ya fara wayewa, kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi da hayaƙi. Kar ka fita cikin duhu kai kaɗai, kuma ka bar babbar wayarka a gida, kai ma ka san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya, agogon hannu mai arha ya ishe ka lissafin minti. Ka nemi inda mutane suke taruwa, ranar Asabar da Lahadi da safe zaka samu masu motsa jiki wajen filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, da filin sukuwa, da titunan Nassarawa masu bishiyoyi, da wajen jami'ar Bayero, zaka ga ma'aikata da 'yan kasuwa da dattawa masu tumbin da yafi naka, ba wanda zai kalle ka sau biyu. In kana gefen titi ka riƙa fuskantar motocin da suke tahowa, kar ka basu baya, kuma kar ka toshe kunnenka da komai. In ƙafarka tayi ƙwari nan gaba, matakalar Dutsen Dala tana nan, hawa biyu uku a sati ɗaya zai gina maka cinya, amma ba yanzu ba.

Ka yi sa'a yanzu sanyi ne yake shigowa, shi ne lokaci mafi daɗin farawa. Sai dai ranar da hazo yayi kauri har baka hango ƙarshen layi, ka haƙura da gudu ranar ko kayi tafiya da takunkumi, ƙurar nan tana shiga ƙirji, in kana da asma ma sai ka ƙara kiyayewa. In bazara tazo, Afrilu da Mayu da zafi yake haura digiri 40, duk gudun da bai ƙare kafin ƙarfe bakwai da rabi ba a bar shi. Ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo, ka riƙa duba fitsarinka, in yayi ja sosai ruwa bai ishe ka ba. In gudun ya fara haura awa ɗaya ka tafi da ruwa, ranar da kayi zufa da yawa ka haɗa da ruwan gishiri da sukari irin na sacet da ake ba yara, saboda ba ruwa kaɗai kake zubarwa ba har da gishiri, kuma ɗura ruwa zalla ba ƙaƙƙautawa a dogon gudu shi ma yana da nasa haɗarin. Da azumi kuma ka rage, ko kayi 'yar tafiya dab da magariba ko sassarfa mara nauyi bayan tarawihi, ba watan ƙara kilomita bane.

Takalmi shi ne kawai abin da zan ce ka kashe wa kuɗi. Ba dole sai sabo ba, a gwanjo ana samun masu kyau a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, ka duba ƙasan bai cinye ba kuma in ka danna yana dawowa, ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka da kamar faɗin babban yatsa saboda ƙafa tana kumbura in ana gudu. Nasan wani a majalisa zai ce ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi yaci zinare a Rum a 1960, gaskiya ne, amma shi soja ne da ya daɗe yana atisayen gudu, kuma da ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalminsa.

Abu ɗaya da nake roƙonka da girman Allah, kar ka bari wani ya baka ƙwaya wai don ƙarin ƙarfi ko kashe gajiya. Tiramadol da 'yan uwanta sun cinye mana samari da yawa a garin nan kuma da yawansu da sunan aiki suka fara. Har magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis irin su diclofenac da ibuprofen, shansu kafin dogon gudu cikin zafi yana iya taɓa ƙoda, ballantana ga mai hawan jini. Ciwon tsoka na kwana biyu bayan atisaye ba komai bane, zai wuce da kansa. Ciwon da yake a wuri ɗaya, yana ƙaruwa in kana gudu ko yana sa ka ɗingishi, wannan hutu yake so da ganin likita. In zazzaɓi ya kama ka kuma, maleriya ko mura mai zafi, ba gudu sai ka warke sarai.

Ina so kuma in gaya maka abin da zai faru wajen sati na biyar ko na shida don kar ya zo maka ba shiri. Ɗokin zai tafi. 'Yan majalisa sun daina tsokana, ba wanda yake tambayarka, tumbin yana nan bai ko motsa ba, sanyi ya tsananta, ka idar da sallah bargo yana kiranka. A nan ne mafi yawan mutane suke bari, ba ranar da aka musu dariya ba. Dattawan da ka gani suna hawaye a Legas, irin waɗannan safiyoyin ne suka tara har suka kai su can, kyamara dai bata ɗauka ba. Eliud Kipchoge da yayi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, rayuwarsa a sansanin atisaye na Kaptagat a Kenya take, ya tashi da duhu yayi gudu, ya ci abinci, ya huta, yayi shara da sauran 'yan sansanin, gobe ma haka, kuma yana rubuta kowane atisaye a littafi. Kai ma ka sayi ƙaramin littafi irin na rubuta bashi, duk ranar da ka fita ka rubuta kwanan wata da minti nawa da yadda kaji, ranar da zuciya tace ba abin da kake ƙaruwa da shi sai ka buɗe shafin farko. Kuma ka nemi abokin fita ko mutum ɗaya ne, wanda in baka fito ba zai tsaya yana jiranka a bakin masallaci, kunyarsa zata fito da kai ranar da niyya ta gaza.

Maganar da kayi ta cewa ba abin da kake ɗoki, ban wuce ta ba. Ga mutane da yawa motsa jiki yana ɗaga wannan nauyin sosai, barci ya gyaru, rai ya sake. Amma in kaga wata biyu sun wuce kana fita kuma har yanzu ba ka jin daɗin komai, barci baya zuwa ko abinci baya shiga, ko ka fara jin rayuwar ma bata da amfani, to wannan ba aikin kambas bane, ka koma wajen likita ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa min, ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini kuma ana maganinsa.

Satin nan dai aikinka biyu ne, kaje asibiti, sannan kaje gidan Yaya. In sakamakon ya fito ka turo min abin da likita yace game da jinin da sugan da rukunin jinin, sai mu tsara maka satittikan farko daidai da jikinka. Allah ya ƙara lafiya, a gaida maiɗakin da yara.